Amya a bakin gona

Duk wanda ya bi hanyar Birnin Kudu zuwa Gwaram ya ɗaga kai ba zai rasa ganin amya a reshen ɗorawa ko kuka ba. Mu dai zuma muke nema da ita. A ƙasar Kenya kuwa, ita ce mai gadin gona daga giwa.

Giwa takan kai tan 6, fatarta kuma ba ta jin harbin ƙudan zuma. Amma ƙudan ya san lagonta: gefen ido, bayan kunne da cikin hanci. Tun a 2002 masu bincike suka lura giwaye na kauce wa itacen da aka rataya wa amya. Daga nan Dakta Lucy King ta ƙungiyar Save the Elephants ta ƙera shinge: a kafa turaku, a rataya amya duk bayan mita 10, a haɗe su da waya guda. Giwa ta zo da dare ta tura wayar, amyoyin su girgiza, ƙudan ya fito, garke ya juya. A Sagalla, daf da gandun dajin Tsavo, binciken da aka fitar a 2017 ya nuna shingen ya mayar da kashi 80 cikin 100 na giwayen da suka nufi gonaki.

Abin da ya fi burge ni shi ne kuɗin zumar. Manomin da giwa ta cinye wa hatsin shekara cikin dare ɗaya ba ya sauraron wa'azin kare namun daji, kuma ban ga laifinsa ba. Ranar da mafarauci ya zo neman haure, shi zai nuna masa hanya. Wanda ya girbe dawarsa lafiya, ya kuma kai zuma kasuwa, me zai haɗa shi da guba ko bindiga? Maƙwabtanmu na Alkaleri, inda giwayen Yankari ke fita gonaki, da mutanen Kala-Balge a Barno, sun fi kowa sanin zafin wannan asara.

Sai dai shingen na da sharaɗi. Lokacin da fari ya afka wa Tsavo, furanni suka ƙafe, ƙudan ya gudu, aka bar amyoyi wayam. A nan ne maganar ta shafe mu, ko da giwa ba ta addabar gonakinmu. Masu gawayi na cinye itatuwa, muna feshin maganin ƙwari ana tsaka da furen wake da riɗi, mai ɗibar zuma kuma ya ƙone ƙudan da bakin wuta don kwalba biyu.

Ɗan'uwa manomi, ka jinkirta feshi zuwa yamma, bayan ƙudan ya koma gida. Mai amya ya yi aiki da hayaƙi, ya bar wa ƙudan rabonsa na saƙa. Masu unguwanni da dagatai kuma su tsaya tsayin daka wajen hana saran ɗorawa.