Gudun da Doka Ba Ta Hana Ba

A 2021 wani attajiri ɗan Jamhuriyar Cek, Radim Passer, ya sharara gudun kilomita 417 a awa da Bugatti Chiron a kan babbar hanyar A2 ta Jamus. Wurin ba a ƙayyade gudu ba, masu gabatar da ƙara kuma suka rufe binciken. Shi ke nan ya yi daidai?

Ni dai ban yarda ba. A filin tsere na Nürburgring, wanda ya shiga da Porsche 911 GT3 RS ya san yana iya barin ransa a can, kuma ya amince. Amma direbobin da Passer ya wuce fuu da sassafen nan, wa ya nemi amincewarsu? Wataƙila wani gida kawai ya nufa bayan aikin dare. Da ya ɗan karkata hagu, kafin a taka birki an gama.