Gidan Gado: Shin Barinsa Ba Rabo Shi Ne Zumunci?

 

Ya ƴan'uwa Musulmi, akwai wata magana da ake yawan ji idan mai gida ya rasu, zaman makoki ya watse. Babban wa ya tara ƙannensa a zaure ya ce: "Gidan baba ba a raba shi, mu duka ɗaya ne." Kowa ya sunkuyar da kai. Wanda ya buɗe baki ya ce a raba, sai a kira shi makwaɗaici, a ce ƙasar kabari ba ta bushe ba yana lissafin ɗakuna. Maganar tana da daɗin ji, kuma sau da yawa mai faɗinta da kyakkyawar niyya ya faɗe ta. To amma alheri ce?

Mu dubi abin da ke biyo baya. Yaya yana zaune a gidan da iyalinsa. Rufin soro ya zube da damina, ya gyara da kuɗinsa, ya ƙara shago biyu a bakin hanya, yana karɓar haya. Wani ƙane yana Abijan yana bida, yana aiko kuɗin suminti ba tare da an rubuta ba. Ƴan'uwa mata suna ɗakin mazajensu, ba a ma tuna da su. Bayan shekara 15 na Abijan ya dawo da mata da ɗiya, ya tarar ɗakin da ya ɗauka nasa ne an sa amarya a ciki. Daga nan gaisuwa ta yanke. A tsofaffin unguwanni irin Birni a Damagaram, da Maraɗi da Tawa, wa bai san gida irin wannan ba?

Ni a ganina laifin ya faro tun ranar da aka yi shiru a zaure. Hakkin kowane magaji ya tabbata daga lokacin da rai ya fita. Allah da kansa Ya yanka rabon a Suratun Nisa'i, aya ta 11 da ta 12 da ta 176, aya ta 7 kuma ta nuna cewa mace da namiji kowa yana da nasa, dukiyar ta yi yawa ko ta yi kaɗan. Ana fara fitar da kuɗin jana'iza, sai bashi, sai wasiyya wadda ba ta wuce sulusi ba. Abin da ya saura na magada ne. Mutum ya bar mata ɗaya, ɗiya maza 3 da mata 2, da gida wanda aka kimanta sefa miliyan 6 da dubu 400: matar tana da tumuni, dubu 800, kowane namiji miliyan 1 da dubu 400, kowace mace dubu 700. Wannan dubu 700 ta ƙanwa, wa ya ba yaya izinin zama a kanta? Shirun da ta yi don kunya ba kyauta ba ne, kyauta sai da daɗin rai. Idan kuwa akwai maraya ƙarami cikin magada, abin ya fi tsanani, domin aya ta 10 ta wannan sura ta yi gargaɗi da wuta ga mai cin dukiyar marayu.

Wani zai ce: gida mai ɗaki huɗu, yaya za a yanka shi shida? Malamanmu na Malikiyya ba su bar wannan ba amsa. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, wadda ake karantawa a zaurukanmu, an bayyana cewa abin da ke rabuwa ba tare da cuta ba ana raba shi. Wanda ba ya rabuwa sai da cuta, idan ɗaya ya nemi a sayar, ana tilasta wa wanda ya ƙi. Mai tsoron kada baƙo ya shigo gidan ubansa, shari'a ta ba shi shufu'a: idan wani magaji ya sayar wa bare kasonsa kafin rabo, abokan tarayya suna da ikon karɓe shi da kuɗin da aka saya. Kuma ya halatta ɗaya ya biya sauran bisa kimar da masana suka yanka, gida ya zauna a hannun ɗan gida.

Har zaman tarayya ma ba haramun ba ne, in kowa ya san kasonsa ya yarda. Ana iya raba amfani, wane ya zauna sashen gabas, wance ta karɓi hayar shago. Abin da muke ƙi shi ne tarayyar da ba lissafi, wadda mai ƙarfi ke ci, mai kunya ke kallo.

Jinkiri yana da wata illa da ba a cika lura da ita ba. Idan magaji ya rasu kafin rabo, kasonsa ya koma ga nasa magadan, abin da masu ilimin fara'ili ke kira munasakha. Gidan mutum 6 ya zama na mutum 30, jikoki waɗanda ba su sha nono ɗaya ba, ba su kuma jin nauyin juna. Su ne ake gani gaban alƙali, bayan shaidun farko duk sun kwanta dama.

Ba cewa muke a kori uwa daga ɗakinta ba. Matar mamaci tana yin takabarta wata 4 da kwana 10 a gidan mijinta, ɗiyan kirki kuma za su so ta ƙare kwanakinta a nan. Sai a kira malami masanin gado da dattawan unguwa biyu, a kimanta gida, a faɗa wa kowa kasonsa, mata su ji da kunnensu. Wanda ya yi gini da kuɗinsa a lissafa masa. Wadda ta ce ta bar wa ƴan'uwanta, a tambaye ta ita kaɗai, ba a gaban yayanta ba. Sannan a rubuta, shaidu su sa hannu, kowane magaji ya riƙe takardarsa.