Zuciyar Wa Za A Tsaga?

A mafitar zuciyar ɗan Adam akwai wani ɗan ƙyaure. Yakan buɗe jini ya wuce cikin babbar jijiyar da likitoci suke kira awota, sa'an nan ya rufe domin kada jinin ya komo. Idan ƙyauren nan ya tsuke ko ya soma yoyo, numfashi yakan gaza, ƙarfi ya ƙare. A Afirka, sau da yawa tushen cutar shi ne ciwon maƙogwaro na ƙuruciya wanda bai sami penisilin ba.

Tun 1960 likitoci a Amurka suka fara sauya wannan ƙyaure. Yau akwai iri biyu manya. Na fari ƙirar masana'anta ne, yakan daɗe muddin rai, amma dole mai shi ya sha warfarin, watau maganin tsinka jini, kowace rana, ana kuma gwada jininsa a kai a kai. Na biyu da naman alade ko na saniya ake yinsa. Ba ya bukatar wannan magani har abada, amma yakan lalace cikin shekara 10 zuwa 20, ga matasa ma tun kafin haka. A 2002 Alain Cribier, a birnin Ruwan na Faransa, ya zura ƙyaure ta jijiya ba tare da tsaga ƙirji ba, amma tsofaffi aka fi yi wa haka.

To, a ɗauki misalin amarya a Dapaong, inda Lome take da nisan fiye da kilomita 600, ko a zangon Sokode. Warfarin yana iya nakasa ɗan da ke ciki. Idan ta zaɓi na nama za ta fi samun sauƙin haihuwa, amma tiyata ta biyu tana jiranta, dangi kuwa sun riga sun sayar da shanu a ta farko. Miji yana son 'ya'ya, uba yana tsoron bashi, maƙwabcinta Musulmi kuma yana ƙyamar jin sunan alade. Wa ke da ikon zaɓa?

Waɗansu sun ce wanda ya biya shi ne mai magana. Akwai gaskiya a ciki, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma ba daidai ba ne mara lafiya ta yi kamar guminsu ba kome ba ne. Amma kuɗin tiyata kyauta ce ta ƙauna. In an ba da shi da sharaɗi, ya zama ciniki, ran mutum kuwa ba na sayarwa ba ne, gama Allah ne ya ba da shi amana.

Ita ce za ta kwanta a ƙarƙashin wuƙa. Ita ce za ta sha maganin, ko ta koma tiyata. Saboda haka wajibi ne likita ya bayyana mata kome da harshen da take ji, ba mijinta kaɗai ba. Wajibi ne dangi su faɗi iyakar ƙarfinsu ba ɓoyo, ita kuma ta saurare su da ladabi. Bayan haka maganar ƙarshe tata ce. Aikin ikilisiya shi ne ta tara gudummawa, ta yi addu'a, ta kuma tsaya tare da ita ko da zaɓinta bai gamshi kowa ba.