Iskar Mutum Ɗaya, Numfashin Mutum Biyu

A 1949 marubucin nan ɗan Ingila, Arthur C. Clarke, ya fitar da wani gajeren labari da aka fi sani da suna Breaking Strain. Wani kumbon dakon kaya, Star Queen, yana kan hanyar zuwa duniyar Venus, wato Zara matar wata, da mutum biyu kacal a ciki: kyaftin Grant da injiniya McNeil. Sai wata tsakuwa daga cikin masu yawo a sarari ta huda ma'ajiyar oksijin. Saura kwana 30 su isa, iskar da ta rage kuwa ta kwana 20 ce in su biyu ne ke shaƙa. Lissafin ba ya buƙatar alli. In ɗaya ya mutu kafin kwana 10 su cika, ɗayan zai kai. In ba haka ba, gawa biyu za a tarar.

Grant mutum ne mai tsari da kamun kai. McNeil kuwa tun da farko tsoro ya karya shi, har ya faɗa wa giyar da ke cikin kayan da suka ɗauko. Sai Grant ya soma auna ran abokinsa da nasa, kullum ma'aunin yana rinjayawa wajensa, har ya kai ga yunƙurin ba McNeil guba. Wannan ne wurin da ya fi tayar mini da hankali, domin ba mugu ba ne ya zuba guba a abin shan ɗan'uwansa. Mai ganin kansa mutumin kirki ne, kuma kirkin nasa ne ya ba shi hujja. McNeil dai ya riga ya hango abin, ya musanya gubar da abin da ba ya kisa. Da asiri ya tonu suka zauna suka yi maganar da suka daɗe suna gudu, suka bar wa karta ta raba gardama. Ta faɗa kan Grant. McNeil aka ceto shi kaɗai.

Labarin yana jan mai karatu ya ji cewa ƙuri'a ta wanke komai. Ni ban yarda ba, ko da yake na san ta fi guba nesa ba kusa ba.

Tambayar ta girmi kumbo. A 1884 jirgin ruwan Mignonette ya nutse, mutum huɗu suka rage a ƙaramin kwalekwale. Da yunwa ta kai su maƙura, biyu daga cikinsu, Dudley da Stephens, suka yanka yaron jirgin, Richard Parker, ɗan shekara 17, aka ci namansa. Kotun Ingila ta ce larura ba ta halatta kisa, ta yanke musu hukuncin kisa, daga baya aka sassauta zuwa ɗaurin wata shida. Kafin nan, a 1842, wata kotun Amurka da ta saurari shari'ar ma'aikacin jirgi Holmes, wanda ya jefa fasinjoji a teku don kada kwalekwale ya nutse, ta nuna cewa in har sai an zaɓi wanda zai mutu, to ƙuri'a ce hanyar adalci. Ra'ayin da Clarke ya bi ke nan.

Musulmi da ya ji an ambaci jirgi da ƙuri'a, Annabi Yunusa (AS) zai faɗo masa, domin Suratus Saffat ta ba da labarin ƙuri'ar da ta faɗa kansa a jirgi maƙare da kaya. Amma malamanmu na Malikiyya ba su ɗauki wannan a matsayin izini ba. Alƙurɗubi, yana bin sawun Alƙali Ibnul Arabi, ya bayyana a tafsirinsa cewa wannan ya keɓanta da Yunusa da zamaninsa, kuma a shari'armu ba a yin ƙuri'a don jefa ɗan Adam a ruwa. Kaya ake zubarwa. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kawo misalin jirgin nan a littafinsa Almustasfa, ya ƙi yarda a jefa mutum ɗaya don sauran su tsira. Dalilin da nake gani a ƙarƙashin wannan duka shi ne, ana yin ƙuri'a a kan abin da mutane suka mallaka kuma haƙƙinsu ya zo daidai, kamar rabon gona tsakanin magada. Rai ba ya cikin wannan jeri. Grant bai mallaki ran McNeil ba, shi ya sa gubar ta zama yunƙurin kisa. Amma bai mallaki nasa ba ma, to da me ya shiga caca?

Akwai amsa mai ƙarfi, kuma ba na son in wuce ta da sauri. Za a ce: ina fifita ɗan'uwa a kan kai, wanda Alƙur'ani ya yabi mutanen Madina da shi? Ina labarin da ake bayarwa na yaƙin Yarmuk, inda masu rauni suka yi ta miƙa wa juna ruwa har duk suka cika ba wanda ya sha? Gaskiya ne. Sai dai ruwa ana iya miƙa shi, a janye hannu, a jira hukuncin Allah. Iska ba haka take ba. Ba wanda zai iya cewa na bar maka numfashina, sannan ya zauna. Huhu ba ya jin wa'azi. Kafin Grant ya daina shaƙa sai ya aikata wani abu da hannunsa a kan jikinsa, kuma wannan aikin shi ne Suratun Nisa'i ta hana. A nan kumbo ya fi kwalekwale tsanani, domin ya toshe hanyar sadaukarwar da ba ta bi ta kan kashe kai.

To sai su mutu su biyu? Tambayar tana da nauyi, kuma ba zan ce ba ta danne ni ba. Abin da zan iya cewa shi ne, marubuci ne kaɗai ke da ikon rufe kowace ƙofa ya ce tabbas. Wanda ke cikin jirgi zato yake da shi. A Afrilun 1970 tankin oksijin ya fashe a Apollo 13, 'yan sama jannati uku suka koma ƙaramin sashen da aka ƙera don mutum biyu, gurɓatacciyar iskar da suke fitarwa ta soma taruwa. Da leda da kwali da salatef aka haɗa matatar da ta riƙe su har gida. Ba hujja ba ce cewa kullum ana tsira. Amma kwanakin da Grant ya ɓata yana ƙirga laifuffukan abokinsa, kwanaki ne da ba a zauna tare an nemi dabara ba.

Da za a kawo mini McNeil, ba zan ajiye shi sahu ɗaya da Dudley ba, domin bai yaudari kowa ba, kuma ya sa wuyansa inda ya sa na abokinsa. Amma da ni ne a kujerarsa, ina roƙon Allah ya ba ni ƙarfin ture kartar nan. In ce wa Grant mu rage motsi, mu yawaita barci, mu ci gaba da kiran ƙasa ta rediyo, mu sake lissafin nan tare ko akwai abin da ya kuɓuce mana. In kwana 10 suka wuce ba mu sami mafita ba, na san abin da hakan ke nufi gare mu duka, da iyalan da ke jiranmu, kuma duk da haka ba zan miƙa masa kofin ba, ba kuma zan karɓa daga hannunsa ba.