DABARAR YAƘI DA INDA TA TSAYA



Wanda ya hau Goron Dutse zai hango inda badalar Kano ta bi, ganuwar da aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu. Amma ranar 3 ga Fabrairu 1903 da rundunar Kanar Morland ta iso, Sarki Alu ya tafi Sakkwato da dawakai masu yawa. Ƙofar farko ta gagare su, sai suka koma Ƙofar Kabuga suka fasa da igwa. A yini guda gari ya faɗi.

Masana yaƙi na zamani sun mai da wannan ilimi: kada ka kara da abokin gaba inda yake da ƙarfi, ka nemi inda yake da rauni, ka riga shi yanke shawara har tsarinsa ya rushe. Haka Jamus ta yi wa Faransa a 1940, ta kauce wa katangar Majino ta ratsa dajin Arden. Mu ma mun san wannan tun Uhudu, shekara ta 3 bayan hijira: da mafi yawan maharba hamsin suka sauka daga tudunsu, Khalid bin Walid, a lokacin bai musulunta ba, ya zagayo ta baya.

To, wannan jarumta ce ko ha'inci? Malamai sun halatta dabara a fagen fama, domin yaƙin da aka gama da hikima ya fi rage zubar da jini. Abin da suka haramta shi ne gadaru: a ba mutum amana sannan a kashe shi, ko a karya sulhu a ɓoye.

Sannan akwai bambanci tsakanin raunin sahun mayaƙa da raunanan mutane. 'Yan bindigar da suka kwashe ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara a Disambar 2020, su ma a kan babura suka faɗa inda ake da rauni. Wannan fa ba dabarar yaƙi ba ce, fashi ne. Shari'a ta hana kashe mata da yara da duk wanda bai ɗauki makami ba.

Masu tsaron mu kuwa, shingen bakin titi ba ya tare wanda ya san hanyar daji. Su yi sauri, su yi dabara, amma su tantance wanda suke hari. Bam ɗin da ya faɗa kan ƙauye sababbin maƙiya yake haifarwa.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Wallahu a'alam.