Wurin da Ya Daina Zafi Shi Ne Abin Tsoro

A bencin jiran likita, inda masu ciwon hanta ke zaman layi tun da sassafe, akwai wata shawara da tsofaffin zuwa ke bai wa sababbi. Sukan ce: "Ɗan'uwa, allurar nan ba ta da wuya. Ka lalubi wuri guda a cinyarka ka riƙe shi. Makon farko da na biyu za ka ji zafi, daga nan wurin zai saba, ko tsinin ba za ka ƙara ji ba." Mai faɗa da kyakkyawar niyya yake faɗa, mai ji kuma da godiya yake karɓa. Amma shawarar nan guba ce, kuma tana yaɗuwa daga baki zuwa baki tsakanin masu yi wa kansu allurar intaferon a gida. Saboda ita na ɗauki alƙalami.

Na ga ƙarshenta da idona a jikin wani ƙanena. An ɗora shi a kan allurar mako-mako saboda ciwon hanta nau'in B, aka nuna masa yadda ake yi sau ɗaya, aka sallame shi. Bayan wata huɗu na lura yana ɗingishi. Na ce masa, "Lafiya kake jan ƙafa?" Ya ce, "Ba komai, Yaya, wurin allura ne ya ɗan yi tauri." Da na matsa masa ya naɗe wando, sai ga wuri kamar faɗin tafin hannu ya yi jawur, ya yi tauri kamar ɗanyen mangwaro, tsakiyarsa ta fara baƙi. Duk allurar da ya yi tun farko a nan ya soka ta, don a nan ne ba ya jin zafi. Likita ya dakatar da maganin, aka yanke mataccen naman, aka shafe makonni ana wankin gyambo. Ya warke, alhamdu lillahi, amma ramin yana nan a cinyarsa har yau, kuma maganin da aka kashe dukiya a kansa ya katse a tsakiya.

Kafin a gane dalilin wannan ɓarna sai an san mene ne intaferon. Sinadari ne da jikin ɗan Adam ke yi da kansa duk lokacin da ƙwayar cuta ta bairos ta shige shi. Masana biyu, Alick Isaacs da Jean Lindenmann, su suka gano shi a Landan a 1957, daga baya aka iya haɗa shi a masana'anta ya zama magani. Aikinsa shi ne tayar da sojojin jiki su yi yaƙi. Shi ya sa wanda ya yi allurar yakan kwana da zazzaɓi da sanyi da ciwon gaɓoɓi kamar mura ta kama shi. To, yaƙin nan daga inda aka zuba maganin yake fara tashi. Fatar wurin takan yi ja, ta kumbura, ta yi ƙaiƙayi. Idan aka bar ta ta huta, cikin 'yan kwanaki ko makonni sai ta koma daidai. Idan kuwa aka sake zuba mata wani kafin ta farfaɗo, kumburi ya hau kan kumburi, naman ƙasa ya yi kanta, kitsen wurin kan narke ya bar rami, a wasu lokuta ƙananan hanyoyin jini su toshe, fata ta mutu ta buɗe ta zama miki. Kamfanonin da ke yin maganin da kansu sun rubuta wannan haɗari a takardar da ke cikin kwali, musamman ga nau'in da ake kira beta.

Kada wani ya ce wannan matsala ce ta ƙasashen Turai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 mutum miliyan 254 ne ke ɗauke da ciwon hanta nau'in B a duniya, kuma Afirka na cikin yankunan da ya fi yawa. A Nijeriya, babban binciken ƙasa na 2018 ya gano cutar a jikin kusan mutum 8 cikin kowane 100 na manya. Gaskiya ne mafi yawan masu buƙatar magani ƙwayoyi ake ba su, irin su tenofobir da entekabir, kuma nau'in C yanzu da ƙwayoyi ake warkar da shi. Amma har yanzu akwai waɗanda likita ke zaɓa wa allurar intaferon mai suna Pegasys, sau ɗaya a mako har mako 48. Akwai kuma masu ciwon nan da ke cin rigar jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka, wanda likitoci ke kira MS, su nasu intaferon ɗin shekaru suke yi a kai: Rebif sau uku a mako, Betaferon yau a yi gobe a huta, Avonex sau ɗaya a mako a cikin tsoka. Mai Rebif zai soki kansa sau 156 a shekara. Ka auna da hankalinka, wane nama ne zai ɗauki wannan a wuri guda?

Zafi ɗan aike ne. Shi ke gaya maka cewa fatar nan tana da rai, jijiyoyinta na aiki, jini na zagaya ta. Wurin da aka dame shi da suka har ya yi kanta, jin sa kan dushe, kamar tafin hannun manomi da ya daina jin ƙotar fartanya. Mai allura sai ya ɗauka ya sami sauƙi, alhali wurin ne ya fara lalacewa. Bayan haka, naman da ya yi tauri ba ya shan magani yadda lafiyayye ke sha, sai mutum ya biya kuɗin cikakken magani jikinsa ya karɓi abin da ya samu. Dubi yadda makiyayi ke yi idan ya sauka a gonar manomi bayan kaka. Ba ya barin garke a turke ɗaya har rani ya fita. Yau nan, bayan 'yan kwanaki ya matsa gaba, don taki ya game gona. In ya bar shanu a wuri guda, takin da ake so ya raya ƙasa shi zai ƙone ta. Haka jiki yake da wannan magani.

To, ina ne wuraren da suka dace? Ga mai Pegasys, ciki da cinya ne kawai. A ciki, ka nisanci cibiya da kamar santimita 5, wato faɗin yatsu uku, ka kuma kauce wa inda tazuge ko ɗaurin zane ke zama, don gogayya za ta tsananta wurin. A cinya, gaba da gefen waje ake yi, ka bar faɗin tafin hannu daga gwiwa, ka bar wani faɗin tafin daga matsematsi. Cikin cinya ba wurin allura ba ne, fatarsa ta fi laushi, jijiyoyi da hanyoyin jini sun fi yawa, ga gogayya wurin tafiya. Ka raba jikinka gida huɗu: cinyar dama, cinyar hagu, cikin dama, cikin hagu. Kowane mako gida ɗaya. Ta haka kowane gida zai huta kusan wata guda kafin a dawo masa, kuma cikin mako 48 sau 12 kacal zai ga allura. Ko an dawo ma, a matsa daga tsohon gurbi da aƙalla faɗin yatsu biyu. Masu Rebif da Betaferon suna da ƙarin wurare, wato bayan damtse da saman ɗuwawu ta gefen waje, amma waɗannan sun fi kyau a hannun wani da aka koya wa. Kada ka dogara da tunaninka, domin zazzaɓi da gajiya na kawo mantuwa. Ka sami ɗan littafi, ka rubuta rana da wuri duk lokacin da ka yi.

Akwai wuraren da ba a kusanta ko da layinsu ne ya zo: inda ya yi ja, inda ya yi tauri, inda jini ya kwanta, inda ke da tabo ko ƙurji ko ƙuna, da inda ya lotsa. Ka shafa da yatsa kafin ka soka. In ka ji gudaji a ƙarƙashin fata, tsallake shi, ka nuna wa likita.

Ɓarna ta biyu ta fi ta farko saurin nakasa mutum. Wasu don tsoron sukar kansu sai su ɗauki maganin su kai wa mai kemis na unguwa, shi kuma hannunsa ya saba da abu ɗaya: a juya baya, a tsira a ɗuwawu, a nutsa har cikin tsoka. Pegasys da Rebif da Betaferon ba na tsoka ba ne, na ƙarƙashin fata ne, a cikin ɗan kitsen da ke tsakanin fata da nama. Ana tattaro fatar da yatsu biyu ne a soka ɗan gajeren tsinin a ciki. Tsakiyar ɗuwawu kuwa ta nan babbar jijiyar da ke saukowa daga ƙugu zuwa tafin ƙafa ta bi. Unguwanni da dama a ƙasar Hausa sun san wani yaro da ke jan ƙafa saboda allura ta taɓa masa jijiya. Wanda ya guji ɗan zafin cinya ya kai kansa ga wannan, ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago. Hatta Avonex da ake yi a tsoka, a cinya ta gefen waje ko a damtse ake yin sa, kuma shi ma ana sauya wuri.

Ban ce neman sauƙi laifi ba ne. Mai jinya ya cancanci sauƙi, kuma akwai hanyoyinsa na gaskiya. Ka fitar da maganin daga firji ka ajiye shi kamar minti 30 ya huce sanyi da kansa, domin ruwa mai sanyi ya fi zugi. Kada ka gasa shi a rana ko ka tsoma shi a ruwan zafi. Ka wanke hannu da sabulu, ka goge wurin da auduga mai sifirit, ka jira ya bushe sarai, don tsinin da ya ratsa jiƙaƙƙen sifirit shi ke kawo raɗaɗi. Ka zauna, ka saki jiki, ka tura maganin a hankali. Bayan ka zare, ka danna auduga a wurin, kada ka murje shi da ƙarfi. Tsumma mai sanyi yana rage zugi. Da yawa sun fi son yin allurar da daddare don zazzaɓin ya wuce cikin barci, kuma likita kan yarda a sha farasitamol, sai dai mai ciwon hanta ya tambayi adadin da ya dace da shi tukuna.

Mu da wutar lantarki ba ta zama a gidajenmu muna da ƙarin nauyi. Pegasys tsakanin digiri 2 zuwa 8 ake ajiye shi. Ba a barin sa ya daskare, ba a barin sa a zafi, ba a girgiza shi. Wanda firjinsa ke kwana a kashe ya gaya wa mai ba da magani a asibiti tun kafin ya saya, a san yadda za a yi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Sannan tsinin allura sau ɗaya ake amfani da shi. Na biyu ya dakushe, yana yaga fata, yana shigar da ƙazanta. Kuma kada a jefa shi a kwandon shara. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya rayuwa a busasshen jini aƙalla kwana 7, ga yaranmu da 'yan bola jari suna tonon juji da hannu. A zuba tsinin a gora mai kauri da murfi, in ta kusa cika a mayar asibiti. Mutanen gida kuma a gwada su, a yi musu rigakafi.

Jiki magayi ne, sai a saurare shi. Idan wurin allura ya yi baƙi ko shuɗi, ko ya buɗe, ko yana fitar da ruwa ko mugunya, ko jan yana faɗaɗa da zafi, a tafi asibiti a ranar. Kada a shafa toka, ko man zafi, ko garin magani, kada a sa wanzami ya tsaga. Ina roƙon iyayenmu mata da 'yan'uwanmu mata musamman: kunya ado ce, amma kada ta sa a ɓoye miki a ƙarƙashin zane har ya ci nama. A nemi nas mace a nuna mata. Haka kuma idan idanu suka yi shawara, ko ciki ya kumbura, ko jini na fita ba dalili, ko baƙin ciki mai nauyi ya sauko har mutum ya fara tunanin hallaka kansa, wannan ma daga maganin yake iya zuwa, kuma ba a kwana da shi. Shi ya sa ba a fara intaferon da shawarar aboki, ba a yin sa ba tare da gwajin jini a kai a kai ba, kuma wanda hantarsa ta riga ta gaza, allurar na iya ƙarasa shi.

Ku ma'aikatan jinya, nuni sau ɗaya bai isa ba. Ku sa mai jinya ya yi ta farko a gabanku, ku zana masa wuraren a takarda, kuma duk zuwan da zai yi ku ce ya buɗe ku gani, ku taɓa da hannunku. Ku masu kemis, abin da ba ku san hanyarsa ba ku mayar da shi inda ya fito, ran mutum amana ne. Ku 'yan'uwan mai jinya, ku tambaya kamar yadda na tambaya, amma kada ku jira wata huɗu irin nawa. Kai kuma da ke zaune a benci kana ba da shawara, ka gyara abin da kake faɗa. Ka ce wa sabon zuwa: "Ɗan'uwa, kada ka yi sau biyu a jere a wuri guda, kuma duk inda ka ji ya daina zafi, ka kai shi gaban likita." In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.