Wanda Ya Tona Kansa, A Yafe Masa?

Yau tambaya na zo mana da ita, wadda kusan kowace uwa ta taɓa cin karo da ita a tsakar gidanta. Yaro ya fasa miki filas, ba wanda ya gani, sai ga shi da kansa muryarsa na rawa: "Umma, ni ne na fasa." In kin zane shi, gobe in ya yi ɓarna sai ya tura tarkacen bayan randa ya ja bakinsa ya yi shiru. In kin ƙyale shi kuma, kina gudun kada "ni ne" ta zame masa lasisin ɓarna.

To, irin wannan tambayar ce hukumomin Amurka suka yi ta fama da ita, sai dai su da masana'antu suke yi, masu zubar da guba a ruwa da iska. Jami'an gwamnati ba su da yawan da za su leƙa kowace masana'anta. Saboda haka a 1995 hukumar kare muhalli ta ƙasar, wato EPA, ta fito da wani tsari, ta kuma gyara shi a 2000. Kamfanin da ya binciki kansa ya gano yana karya dokar muhalli, in ya sanar a rubuce cikin kwana 21, ya gyara cikin kwana 60, ana iya yafe masa tarar horo gaba ɗaya. Amma fa da sharuɗɗa. Sai ya zo da kansa kafin a gano shi. Ba a yafe laifin da ya riga ya jawo mummunar illa, ko wanda aka maimaita a wuri guda cikin shekara 3. Hukumar kuma tana iya karɓe ribar da ya ci ta hanyar karya dokar.

Wasu jihohi sun zarce nan. Oregon a 1993 da Texas a 1995 sun yi dokokin da suka ba kamfani damar killace rahoton bincikensa, ta yadda ko an je kotu neman diyya, da wuya a tilasta masa fito da shi. Ita kanta EPA ba ta goyi bayan wannan ɓoyo ba.

Ni dai a ganina, sassauci ga wanda ya kai kansa adalci ne, hikima ce kuma. In an rufe ƙofar afuwa, mai laifi ba shi da abin da zai sa ya yi magana, gubar kuwa tana nan tana kwarara. Ai ko a shari'armu akwai makamancin haka. Malamai sun ɗauko daga aya ta 34 ta Suratul Ma'ida cewa ɗan fashin da ya tuba kafin a kama shi, haddin fashi ya faɗi daga kansa. Amma a mazhabarmu ta Malikiyya haƙƙin mutane yana nan a wuyansa, na jini da na dukiya.

Nan ne gizo ke saƙa. Gwamnati tana iya yafe tararta, domin tata ce. Matar da ta shekara tana dama wa 'ya'yanta koko da gurɓataccen ruwa fa? Wa ya isa ya yafe a madadinta? In aka ɓoye mata rahoton, ba ta ma san abin da za ta gaya wa likita ba, balle ta nemi diyya. Mun sani cikin sharuɗɗan tuba akwai nadama, da dainawa, da ƙudurin rashin komawa, da mayar wa mai haƙƙi haƙƙinsa. Kamfanin da ya raɗa wa hukuma laifinsa ya ɓoye wa maƙwabtansa, bai cika sharaɗin ƙarshe ba.

Mu dawo kan yaron nan. Filas naki ne, ki yafe, ki ma sa masa albarka don gaskiyar da ya faɗa. Amma in kananzir ya zuba a randar maƙwabciya, ki kama hannunsa ku je ku gaya mata tun kafin wani ya sha, ku wanke randar, ku biya ruwan. Yafiyar wannan tana hannunta.

Allah Ya sa mu dace, Ya kare mu daga ɗaukar haƙƙin wani, amin.